Koriyar Ƙofar Inna

Tun da aka dawo da Inna daga asibiti, Auta bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba.

Auta shi ne ɗanta na ƙarshe, kuma duk da furfura ta cinye rabin gemunsa, a gida ba shi da wani suna sai wannan. A kasuwa Mai Labule ake ce masa. Sana'arsa ke nan: ya auna taga, ya yanka yadi, ya je ya rataya. Ita ta shigar da shi gidajen da ko maigadinsu ba zai amsa masa sallama ba in ba don tsanin da ke kafaɗarsa ba. A can ya ga yadda masu hali suke zama. Bango ruwan madara, ƙofa ruwan madara, tayal ruwan toka mai haske, kujeru kalar ƙasa-ƙasa, babu wani abu da ke yi wa ido ihu. Yana kan tsani yana ɗaura labule, sai ya riƙa satar kallo yana haɗiyar yawu.

Nasu gidan kuwa ba a magana. Marigayi Baba mai fentin motoci ne, kuma mutum ne da bai iya zubar da ragowar fenti ba. Duk abin da ya saura a gindin gwangwani, gida yake kawo shi. Ƙofar banɗaki koriya shar, irin koren motar haya. Ƙofar ɗakin Inna shuɗiya. Ta kicin ruwan ɗorawa. Akwai wata 'yar matattakala guda a tsakiyar korido, inda ake sauka daga ɗakunan kwana zuwa wajen banɗaki, ita ma sai da ya ja mata jan layi a baki. Da gidan ake kwatance a unguwa: in ka wuce gidan aku, sai ka yi dama. Da wannan suna Auta ya girma, kuma bai taɓa yafe wa fentin ba.

Da Inna ta zame a bakin titi ta karye a ƙugu, aka kwantar da ita ta daɗe, sai ya ga dama ta samu. Ba don kansa kaɗai ba, a faɗi gaskiya. Simintin ƙasa duk ya farfashe, yana iya kama sandar tsohuwa. Ya sa aka shimfiɗa tayal marar santsi, aka kafa ƙarfen dafawa a bangon korido, aka kankare ƙofofi aka shafe komai da ruwan madara, har ƙarfen dafawar. Tsofaffin kofuna da bokitan roba masu launi ya kwashe ya jibge a sito, ya sayo farare. Ranar da mai fenti ya kwashe kayansa, Auta ya tsaya a tsakiyar falo, hannu a baya, ya ce wa matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, "To, yanzu muka zama mutane."

Malama ta ce, "Da can awaki ne mu?"

"Aku dai."

Likita ya faɗa masa abu biyu a ranar sallama, kuma bai sassauta murya ba. Na farko, dole tsohuwa ta riƙa tashi tana takawa, tana shan ruwa da yawa, in ba haka ba ƙafar za ta sandare, ƙoda ta biyo baya. Na biyu, ƙashin da aka haɗa ba zai ɗauki wata faɗuwar ba.

Da suka shigo da ita, Inna ta tsaya a bakin falo, ta riƙe sandarta mai ƙafa huɗu. Can ta ce, "Ina kuka kawo ni?"

Auta ya yi dariya har da tafa hannu. "Gidanki ne, Inna. Kin ga ko ke ba ki gane shi ba."

Ta juya kai dama, ta juya hagu. "Ya yi kyau," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka." Aka riƙe ta har bakin gadonta, ta zauna. Daga wannan zama, kusan a ce ba ta sake tashi ba.

Matar da kafin ta karye ba ta iya zama wuri guda, mai leƙa tukunyar surukarta ta ce gishiri ya yi kaɗan tun kafin ta ɗanɗana, ita ce yanzu take wuni a gefen gado hannu a cinya. In an ce ta tashi ta taka, sai ta ce anjima. Gorar ruwan da aka ajiye mata da safe, haka za a tarar da ita da yamma. Leɓenta ya bushe ya tsage.

"Inna, ruwa fa."

"Ba na jin ƙishi."

"Likita ya ce..."

"Likitan ne ya haife ni, ko ni na haife ka? Ajiye."

Wata safiya Malama ta tarar da ita a korido ta fuskanci bango, tana shafa shi da tafin hannu kamar mai neman wani abu da ya maƙale a ciki. Wata rana kuma Inna ta buɗe ƙofar sito ta tsaya a gaban buhunan shinkafa tana kiciniyar kwance zani. Malama ta riƙo hannunta ta kai ta banɗaki. Sai da Auta ya dawo daga kasuwa, ta ja shi kicin ta turo ƙofa.

"Na tsinci zaninta a ƙarƙashin gado, a ƙudundune," ta ce a hankali. "A jiƙe."

Auta ya dafa bakin teburin girki.

"Kar ka nuna mata ka sani. Amma ni dai ina tsoro. Ko dai kanta ne ya fara..."

"Kar ki ƙarasa."

Ba ta ƙarasa ba, amma maganar ta riga ta zauna a kicin ɗin tare da su. Ya san yadda abin yake. Ya ga uban maƙwabcinsa, tela mai daraja, ya koma yana tambayar 'ya'yansa su wane ne su. Abin da ya ɗaure wa Auta kai shi ne, Inna ba ta manta komai ba. Jiya-jiya ta gyara masa sunan mijin wata jikar ƙanwarta da shi kansa bai riƙe ba. Tana jin tarinsa daga ƙofar gida ta san shi ne. To wace irin ruɗewa ce ke barin sunan surukin nesa, ta ɗauke hanyar banɗaki?

Sai kuma ga Yaya. Ita ce babbarsu, tana aure a wani gari mai nisa, kuma tun suna yara ba ta taɓa yarda Auta zai iya riƙe ko kaza ba. Kullum sai ta bugo waya, kuma ba a iya yi mata ƙarya, don tana gama magana da shi take kiran Malama ta ji ko bakinsu ɗaya. Yana shago, almakashi a hannu, ta same shi.

"An ce ba ta tashi."

"Tana ɗan tashi, Yaya."

"An ce ba ta shan ruwa."

"Wa ya ce?"

"Kai ka ce, da ka tsaya tambayar wa ya ce. Saurara, Auta. Ƙarshen makon nan ina tafe. In na tarar da ita yadda nake ji, da ita zan juyo. Ka gyara gida, mun gode, an gani a hoto. Amma uwa ba labule ba ce da za ka rataya ka tafi kasuwa."

Ta kashe wayar. Ya duba hannunsa, ashe ya zarce da yanka, ya ɓata yadin mutane.

Ya san abin da tafiyar nan take nufi. Tun rasuwar Baba, Inna ta faɗa a gaban kowa cewa daga gidan nan sai dai a fita da ita a kafaɗa. In Yaya ta sa ta a mota, ba za ta yi gardama ba, ƙarfin gardamar ya ƙare. Za ta je ta zauna a ɗakin baƙi, a gari da ba ta san kowa ba, ta yi shiru har shirun ya cinye ta. In kuma ya hana, aka bar ta a nan tana bushewa a gefen gado, ko ta fita lalube ta faɗi, to shi ya kashe ta, kuma Yaya za ta tuna masa har ranar da ɗayansu zai mutu. Duk inda ya juya, gabansa faɗuwa yake.

Ana saura kwana kaɗan Yaya ta zo, ya kai wa wata mata samfurin yadi, ja wur mai sheƙi, ta ce ya yi mata ihu da yawa, ya koma da abinsa. Gidan matar kusa da nasu yake, rana kuma ta take, sai ya ce bari ya biya ya leƙa Inna, tunda Malama tana makaranta. Ya shiga a hankali don kar ya tashe ta in barci take. Bandir ɗin yadin ya yi masa nauyi a kafaɗa, ya jingine shi a bango a ƙarshen korido, dab da ƙofar banɗaki. Ya juyo ke nan ya ji ƙarar sandarta.

Inna ce a bakin ɗakinta. Ya buɗe baki zai gaishe ta, sai ya ga ta ɗaga kai ta kalli can bayansa, fuskarta ta saki.

"'Yar nan, kin dawo da wuri? Sannu da aiki."

Da bandir ɗin yadi take magana, ta ɗauka Malama ce.

Auta ya waiga ya dubi yadin. Shi ke nan, ya ce a ransa, abin da ake gudu ya zo. Ya jingina da bango. Yana tsaye bai fi a miƙa hannu a taɓa shi ba, sanye da doguwar rigarsa ruwan madara, amma idonta ya bi ta kansa ya wuce kamar ba kowa a wurin. Ta gaishe da yadi, ba ta gaishe da ɗanta ba.

Sai kuma ya ga wani abu da bai gani ba tun dawowarta. Ta saki bango. Ta nufi jan nan kai tsaye, tana ɗaga sanda tana ajiyewa, ba lalube, ba tsayawa. Ta wuce shi har gefen zaninta ya goge shi. Da ta kusa matattakala sai ta rage sauri, ta fara tura ƙafa ɗaya a kan tayal, tana ja, tana turawa, tana neman inda ƙasa ta ƙare. Ya ɗaga hannuwa biyu a bayanta, bai taɓa ta ba. Babban yatsanta ya samu bakin. Ta sauke sanda, ta sauke ƙafar mai lafiya, ta jawo ɗayar. Ta isa wajen yadin ta dafa shi.

"Af," ta ce, "ashe kaya ne."

Hannunta ya zame gefe ya faɗa kan mariƙin ƙofa. Ta murɗa, ta shaƙi warin sabulu, ta sauke wata ajiyar zuciya da bai taɓa jin irinta ba, ta shiga ta rufe.

Auta ya daɗe a tsaye. Can ya cire tabaransa, ya shiga ɗaki ya lakato man shafawar Malama, ya goga a gilasan biyu, ya mayar a fuska, ya dawo ya tsaya daidai inda Inna ta tsaya.

Babu korido. Wani farin abu ne kawai ya miƙe a gabansa, ba sama ba ƙasa. Ƙofofi sun narke cikin bango, bango ya narke cikin tayal. Ƙarfen dafawar da ya yi ta alfahari da shi, babu shi. Matattakala kuwa, ko da ya san inda take tun yana rarrafe, ya zura ido ya rasa. Abu guda ne ya rage a duniyar, wani jan dogon abu can a ƙarshe, mai kama da mace a tsaye.

Ya jira ta koma ɗaki, yana biye da ita a baya kamar ɓarawo. Sannan ya fita ya sake shigowa da sallama mai ƙarfi. Ya je sito ya tono tsohon kofinta shuɗi na roba, ya wanke, ya cika shi da ruwa, ya ɗora a kan farin tire tare da sabon farin kofi. Ya ajiye a gabanta. Hannunta ya tafi kan shuɗin nan take, ya tsaya a kansa, sai ta janye.

"Ina ka samo wannan?"

"Inna, kofi nawa ne a tiren?"

"Yau kuma makaranta aka buɗe mini? Matarka ce malama, ba kai ba."

"Nawa ne?"

"Tashi ka koma kasuwa, kar a sace maka almakashi."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, yadda rabonsa da yi tun yana saurayi. "Ina tsaye a korido ɗazu. Zaninki ya goge ni."

Ta shafa bakin kofin da yatsa.

"Ubanka ya san idon nan ya dushe," ta ce. "Shi kaɗai. Kai kana ganin ragowar fenti ce. Da farko ragowar ce, don bai iya zubar da ko ruwan wanki ba, Allah ya jiƙansa. Amma jan layin nan na matattakala, da kuɗinsa ya sayo. Duk shekara sai ya sake bi."

"Me ya hana ki faɗa mana?"

"In faɗa wa wa? In faɗa wa yayarka, ta zo ta naɗe ni kamar tabarma ta kai ni gidanta? Ko in faɗa maka, ka kai ni a sa mini wuƙa a ido? Ina ganin kore, ina ganin shuɗi, ina ganin ja. Me ya rage mini da zan nema? Fuskarka? Na san ta, ba wani kyau gare ta ba."

Ya ɗago ya dube ta.

"To da kika dawo kika tarar na shafe komai, ai sai ki ce, Auta ka yi ɓarna."

"Na ji muryarka ranar. Rabon da in ji ka da irin wannan murna tun da aka saya maka keke. Na ce bari in koyi gidan da hannu. Sai dai hannun ya tsufa, ƙugun kuma ba ya jira." Ta kama hannun rigarsa. "Kar ka gaya wa yayarka."

Bai yi mata alkawari ba, bai kuma ce a'a ba. Ya tura mata kofin. Ta kurɓa kaɗan ta ajiye, don har yanzu tana lissafin hanyar banɗaki.

Da la'asar ya je layin masu fentin mota, inda rabonsa da shiga tun rasuwar Baba. Ya sayo ja, ya sayo kore, ya sayo shuɗi, da buroshi da tina ta tsinka fenti da sanfefa ta goge ƙyalli. Malama ta dawo ta tarar da shi a durƙushe yana goge ƙyallin sabon tayal a bakin matattakala. Ya gaya mata komai a tsaye. Ta rufe baki da hannu, ta ce, "Ni kuwa da na ce kanta ne." Ta ajiye jaka ta riƙe masa salatif yana shafa jan fentin. Kafin magariba jan layi ya dawo, ya fi na Baba faɗi, ya kuma fi shi karkata. Ya bar yadin nan a jingine inda yake, ya ce gobe da safe sai ƙofa, jibi ta bushe, gata Yaya ta zo ta tarar da tsohuwa tana yawo.

Yaya ba ta jira gata ba. Washegari Malama ta nemi izini a makaranta ta zauna taya shi aiki. Da hantsi, yana tsakiyar shafa wa ƙofar banɗaki kore, ya ji tsayuwar mota, ya ji muryarta tana faɗa da direba a kan inda ya ajiye ta. Ta shigo tana jan wani babban akwati, kuma daga yadda yake tsalle a kan tayal ya san babu komai a ciki.

Ta tsaya a bakin korido. Ta dubi jan layi, ta dubi rabin ƙofa kore, ta dubi ƙaninta da fenti har a gemu.

"Ashe ba mutum ɗaya zan ɗauka ba," ta ce. "Kai ma ka taɓu? Gidan da ka cika mana waya da hotonsa?"

"Sannu da hanya, Yaya. Ba ƙarshen mako kika ce ba?"

"Don ku shirya mini wasan kwaikwayo? Ina Inna?"

Ta wuce shi ta shiga ɗakin. Ya bi ta da buroshi a hannu yana ɗiga. Ta durƙusa ta gaishe da uwarsu, ta kama fuskarta ta juya ta wajen taga, ta ga leɓen, ta ja fatar hannunta ta ga ba ta koma da wuri ba. Ta ɗago ta yi masa wani kallo da ya sa ya ji shi ɗan shekara bakwai ne da ya fasa tulu.

"Malama, haɗa mata kaya."

"Yaya, ki tsaya ki ji..."

"Na ji da idona."

"Ba inda za ni," in ji Inna, amma muryar ba ta da ƙarfi.

"To tashi ki nuna mini. Ki tashi da kanki ki je banɗaki ki dawo, kar wanda ya taɓa ki. In kin yi, in koma da akwatina yadda na zo da shi."

Auta ya waiga ya dubi korido. Tun safe ya ɗauke jan yadin don ya samu wurin aiki. Koren rabin ƙofa ne kawai, shafa ɗaya, bai san ko ya isa idonta ba. Bai gwada layin da ita ba. Ga tsohuwa ba ta ci wani abin kirki ba, ga idon Yaya a kanta. In ta yi tuntuɓe, ba tafiya gidan Yaya ba ce kawai, maganar likita ce. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya kowa ya huta, sai Inna ta miƙa hannu ta jawo sandarta.

Ta miƙe da kyar. Ta fito bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗaga kai. Ya ga idonta yana yawo cikin farin nan, yana yawo, sai ya tsaya cak.

Ta taka. Sanda, ƙafa, ƙafa. Auta ya bi ta a baya da hannuwa a buɗe, Yaya ta fizgo rigarsa. Da Inna ta zo matattakala ba ta tura ƙafa tana nema ba. Ta dubi ƙasa, ta tsaya daidai kan jan layin, ta sauke sanda, ta sauka kamar yadda ta saba sauka shekara da shekaru. Ta miƙe har ƙarshen korido, ta ɗora tafin hannunta gaba ɗaya a kan ƙofar don ta tura.

Ta janye hannun, ta kai shi hanci.

"Wane marar hankali ne ya bar ɗanyen fenti a hanyar mutane?"

Malama ta fashe da dariya, ta toshe baki da mayafi. Auta ya zauna a kan gwangwanin fenti.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ita ba yarinya ba ce. Ta dubi layin, ta dubi ƙofar, ta dubi hannun uwarta kore shar har wuyan hannu. Ta taka a hankali ta tsaya a gefen Inna, jikin bango, cikin farin mayafinta, ba ta yi motsi ba. Inna ta juyo tana kiran Malama ta kawo tsumma, idonta ya bi ta kan 'yarta ya wuce.

"Tun yaushe, Inna?" in ji Yaya, dab da kunnenta.

Tsohuwa ta zabura kaɗan. Ta juya wajen da take zaton Auta yake. "Kai ka faɗa mata."

"Bai faɗa ba. Tun yaushe?"

"Tun kafin ki aurar da 'yarki ta fari. Sai me?"

Yaya ta share ido da gefen mayafi, ta juyo kan ƙaninta, muryarta ta dawo yadda take. "To ai magana ta ƙare. Wadda ba ta gani za ka bari a gida mai matattakala, kai kana kasuwa, matarka tana makaranta? Gidana shimfiɗe yake, ko tudu babu."

"Yaya, bangon gidanki wane launi ne?"

Bai jira amsarta ba.

"Ni na rataya miki labule," ya ce. "Ni na ba ki shawarar fentin, kina cewa ya yi fari da yawa, na ce haka manya suke yi. Ƙofofinki, tayal ɗinki, har kujerar banɗaki. A nan ta san inda komai yake tun kafin a haife ni, launi kawai na ɗauke mata, kin ga yadda ta koma. A can me za ta kama?"

"Sai in sa a yi mini fenti."

"Mijinki zai yarda a mayar masa da gida gidan aku?"

Yaya ta yi tsaki. Ta dubi akwatinta da ke tsaye a falo. Ta daɗe tana dubansa.

"Da sharaɗi," ta ce. "Za a kai ta likitan ido. Ni zan kai ta da kaina, tunda ku shekara nawa kuna gida ɗaya ba ku lura ba."

"Ba wanda zai sa mini wuƙa," in ji Inna.

"Dubawa aka ce, Inna."

"Haka aka ce wa ƙuguna."

"To zaɓi, likita ko akwati."

Inna ta miƙa wa Malama hannu tana goge mata da tina, ta ɓata fuska saboda warin. "A duba ɗin," ta ce. "Amma in na ga wuƙa, tashi zan yi."

"In kin gan ta ai an gode Allah," in ji Yaya. Ta cire mayafi ta rataya a ƙarfen dafawa, ta naɗe hannun riga. "Kai kuma ba ni buroshin nan, shafar taka duk tabo. Ɗan mai fenti guda. Ina shuɗin? Wannan ƙarfen ma ai sai an shafa masa wani abu. Malama, a kai akwatin ɗakin baƙi, ina nan har a ga likita. Sai ki ara mini zani, ban zo da ko ɗaya ba."

Auta ya miƙa mata buroshin.

Inna ta matsa kusa da ƙofar har hancinta ya kusa taɓawa, ta ƙare mata kallo sama da ƙasa.

"Wannan ba koren ubanku ba ne," ta ce. "Nasa ya fi duhu."

"Shi na samu, Inna."

"To a bar shi, ba don ya yi ba." Ta juya sandarta ta fuskanci jan layin. "'Yar nan, in kin gama, kawo mini ruwa a shuɗin kofin nan. Ki cika shi. Ki taho da gorar ma."